Kafin A Raba Taimako, A Fara Da Tambaya: Jawabi Ga Wakilan Ikilisiyoyi A Dagumawa

 

An ba ni magana a kan binciken da ofishinmu zai yi a gidajenku bayan girbi. Matasa za su zo da waya a hannu, su yi muku tambayoyi, su shigar da amsarku a ciki. Daga amsoshin nan ne za a san gidan da zai fara samun iri, da unguwar da ta fi bukatar rijiya. Saboda haka ya kamata ku san yadda ake shirya tambayoyin, don ku iya tsawata mana idan mun kauce.

A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a ikilisiyar farko domin ana tsallake waɗansu gwauraye a rabon abinci na kowace rana. Abinci yana nan, masu bayarwa suna nan, amma ba a san kowa da kowa ba. Sai da aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Bincikenmu ɗan'uwan wannan aiki ne. Na san waɗansu suna tuna ƙidayar da Dawuda ya yi a 2 Sama'ila sura 24 da annobar da ta biyo baya, suna jin tsoron a ƙirga iyalinsu. Ku tuna kuma da Nehemiya, wanda ya zaga da dare ya duba rushewar garun Urushalima kafin ya kira mutane aiki.

A da, da takarda da biro ake yi. Ruwa ya jiƙa wata, rubutun wata ba ya karantuwa, a kuma ɗauki watanni ana haɗa lissafi. Yanzu ana rubuta tambayoyin a kwamfuta ta intanet, a sauke su cikin waya. Manhajar da ƙungiyoyin agaji suka fi amfani da ita ita ce KoboToolbox, wadda aka fara a 2005. Akwai kuma ODK da ta fito daga Jami'ar Washington a Amurka a 2008. Amfaninsu a gare mu shi ne suna aiki ko babu sabis. Yaro zai cika gidaje goma a ƙauye, amsoshin su zauna a waya, in ya iso Wudil inda akwai sabis sai ya tura su gaba ɗaya. Ana iya tsara fom ɗin ya tsallake abin da bai shafe ka ba: in ka ce ba ka da dabba, ba za a dame ka da tambayar rigakafin dabbobi ba. Ana kuma iya hana shi karɓar amsar da ba ta yiwuwa, kamar a rubuta shekarun jariri 200.

Waya dai ba ta gyara tambayar da aka yi ta a karkace. A nan ne aikin yake, a nan kuma nake neman taimakonku.

Ku ɗauki tambaya mai sauƙi: mutum nawa ne a gidanka? A wurinmu gida ɗaya yana iya ɗauke da tsoho, da 'ya'yansa uku masu aure, da jikoki. Wani zai ƙirga kowa, wani zai ƙirga ɗakinsa kaɗai. In aka haɗa amsoshin biyu, lissafi ya lalace tun daga tushe, kuma gidan da ya fi yawan baki zai iya samun kaso kaɗan. Don haka za mu ce: mutum nawa ne suke ci daga tukunya ɗaya da kai? Sai mu bi da tambayar wanda ya tafi cirani, domin yana cikin iyali amma ba ya cin hatsin rumbu a watannin rani.

Haka maganar amfanin gona. Wanda ya rubuta fom a birni zai tambayi kilo. Wane ne a cikinmu yake auna gero da kilo? Mu dami muka sani, da buhu, da tiya. Dole fom ya karɓi dami, daga baya a ofis a juya shi. Dami ma ba ɗaya ba ne, na wani ya fi na wani, shi ya sa za mu roƙi gidaje kaɗan a kowane ƙauye su bari a sussuka dami ɗaya a auna.

Shekaru ma haka. Baba da yawa a nan ba su da takardar haihuwa, kuma in aka matsa musu za su faɗi abin da ya zo baki don a rabu da su. Gara a tambaya: lokacin da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ka fara kiwo? Lokacin da aka kashe Janar Murtala a 1976, kin yi aure? Daga nan a ƙiyasta.

Iyayenmu mata, ga wadda ta shafe ku. Mun san kunyar ɗan fari. Akwai uwar da in baƙo ya tambaye ta yawan 'ya'yanta, za ta bar na farin, ko ta yi shiru ta dubi ƙasa. Akwai kuma maganar ciki, da ɓari, da yaran da suka rasu, waɗanda mace ba za ta buɗe baki a kansu a gaban namiji ko gaban surukarta ba. Saboda haka 'yan mata da matan aure ne za su yi wa mata waɗannan tambayoyi, a keɓe. Ina roƙon Zumuntar Mata ta ba mu mutum biyu daga kowace ikilisiya, masu karatun Hausa, masu riƙon asiri.

Akwai tambayar da take jan mutum zuwa amsa. In na ce, ai kuna bukatar rijiyar burtsatse ko? kowa zai ce i, ko da abin da ya fi damunsa hanya ce. Gara a ce: jiya a ina kuka ɗebo ruwan sha, kuma wa ya ɗebo? Abin da ya faru jiya mutum yana tunawa da shi. Abin da ya faru bara kuwa, sai ƙiyasi.

Wani matashi zai ce, me ya hana a tura fom ɗin ta WhatsApp kowa ya cika da kansa? Ga dalili. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika wa mutum kusan miliyan 10 takardar tambaya a kan wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Sama da miliyan 2 suka amsa, mujallar ta ce Landon ne zai ci. Roosevelt ya ci da rata mai yawa. Sunayen da ta yi amfani da su, da yawa daga littafin masu tarho da masu mota ta samo su, talakawa ba su shiga sosai ba. In muka tura fom ta WhatsApp, ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa ne za su amsa. Gwauruwar da ba ta da waya, wadda dominta ake aikin, ba za a ji muryarta ba. Don haka ƙafa za mu taka. Ba kuma gidajen bakin hanya kaɗai ba, ba gidajen dattawan ikilisiya kaɗai ba. Za a rubuta sunayen gidajen ƙauye duka, har da na maƙwabtanmu Musulmi tunda rijiya ɗaya muke sha, bayan an gaida mai unguwa an nemi izininsa. Ranar Juma'a ba za mu fita ba, domin magidanta suna kasuwar Wudil.

Yanzu abin da yake haƙƙinku. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Kafin a tambaye ka, dole a gaya maka wane ne yake tambaya da abin da za a yi da amsarka. Kana da ikon ka ƙi, ko ka tsallake wata tambaya, kuma ba za a cire sunanka daga taimako saboda haka ba. Ba za a ɗauki hotonka sai da yardarka. Ba za mu taɓa tambayar lambar BVN ko lambar sirri ta katin banki ba. Duk wanda ya tambaye ku waɗannan da sunan tallafi, a waya ko a ƙofar gida, ɓarawo ne, ku sanar da fasto nan da nan.

Abin da muke roƙo a wurinku shi ne gaskiya. Wanda ya ɓoye dami goma don a ɗauka ba shi da kome, daga kason maƙwabcinsa ya ɗiba. Wanda kuma kunya ta sa ya ce suna cin abinci sau uku alhali sau ɗaya ne, ya rufe wa yaransa ƙofa.

Za mu fara gwada fom ɗin a gidaje goma a nan Dagumawa, mu ga tambayar da ba a ganewa, mu gyara. In an gama aikin duka, za mu dawo mu karanta sakamakon da Hausa bayan sujada, ba tare da ambaton sunan kowa ba, ku ce mana ko haka ne ko ba haka ba ne. Sakatarorin ikilisiyoyi su tsaya bayan addu'ar rufewa don a ba su kwafin tambayoyin su kai gida a duba.