Jawabi Kan Kafa Uwar Garken Intanet



Duk makaranta ko ƙungiyar manoma da ke nufin ɗora rajistarta a intanet tana bukatar kwamfutar da ba ta barci dare da rana. Ita ake kira uwar garke. Ma'aikata uku ake girkawa a cikinta. Na farko Apache, mai tsaron ƙofa, wanda ke karɓar baƙo ya miƙa masa shafin da ya nema. Na biyu MySQL, ma'aji, mai riƙe sunaye da sakamakon jarrabawa. Na uku PHP, ɗan aike, wanda ke ɗauko bayani daga ma'aji ya tsara shi a shafi. Dukansu sun fito a 1995, ana samunsu kyauta, kuma galibi a kan Linux ake girka su.

To, sai dai sunayen jama'a amana ne. Wajibi ne a sa wa ma'aji kalmar sirri mai ƙarfi tun ranar farko. A riƙa kwafe bayanai kullum ana ajiyewa a wani wuri dabam. A tanadi batir da faifan hasken rana saboda ɗaukewar wuta. Adireshi mai ƙarewa da .ng kuwa, a neme shi wajen dillalan da NiRA ta amince da su.

A sani, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi hukunci ga wanda ya yi sakaci da bayanan mutane. Rigakafi ya fi magani.

Wassalam.