Amanar Sito: Daga Hannun Mai Zakka Zuwa Tukunyar Mabuƙaci

  

Kowace shekara mukan karanta muku abin da aka tara da abin da aka raba. Bana mun nemi izinin yin magana a kan abin da ke tsakanin biyun, wato sito. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi, wasaƙi biyar, ya fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ne ya shayar da gonarsa, ko rabin haka idan da wahalarsa ya yi ban-ruwa, ya sauke nauyin da ke kansa. Daga ranar da buhun ya shigo hannunmu, nauyin ya dawo wuyanmu. Hatsin nan ba na manomin ba ne kuma, ba namu ba ne. Na wata uwar marayu ce da ba ta ma san an ajiye mata ba.

Wannan darasi da tsada muka saye shi. Wata shekara, a ɗaya daga cikin ɗakunan ajiyarmu, aka jibge masara a kan daɓen siminti, aka jingina ta da bango, aka kulle. Da aka buɗe bayan marka, buhunan sama lafiya lau, na ƙasa kuwa sun dunƙule, sun yi fumfuna, sai binnewa. Ɓarawo bai shiga ba, kwaɗon ƙofa yana nan yadda aka bar shi. Amma ranar rabo akwai gidajen da sunansu ke cikin rajista, suka koma hannu rabbana. Don kada a maimaita, ga abin da muke roƙon kowane kwamiti ya riƙe.

Na farko, kada hatsi ya shiga sito sai ya bushe. Masana sun ce danshin masara da dawa da gero kada ya wuce kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa kamar kashi 7 zuwa 8. Inda babu na'urar awo, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta huta, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da kayan shanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da wata guba da ake kira afulatokzin, mai illata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa.

Na biyu, ɗakin kansa. Ya kasance a tudu, a duba rufinsa kafin ruwan farko, a sa wa tagoginsa raga, a toshe ramukan ɓera, a nome ciyawar da ke kewaye. Kafin sabon kaya ya shigo, a share tas, a fitar da tsofaffin buhuna, domin a cikinsu ƙwarin bara ke jiran hatsin bana. Buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango: a ɗora shi a kan katako, a bar tazarar kamar mita ɗaya da mutum zai zagaya ya duba. Taki da fetur da maganin feshi kada su kwana ɗaki ɗaya da abinci.

Na uku, jeri. A riƙa giciya buhuna hawa-hawa don kada su rushe, kowane hawa da adadi iri ɗaya, yadda mai ƙidaya zai san jimla ba tare da ya sauke ko ɗaya ba. Kowane tari da katinsa: irin kaya, ranar shigowa, abin da ya fita, abin da ya rage. Kuma a raba zakka daban, amfanin gonar waƙafi daban, sadaka daban, tunda kowanne da hukuncinsa da masu haƙƙinsa.

Na huɗu, ƙwari, musamman a wake. Kakanninmu sun ɗora rumbu a kan duwatsu, sun ajiye gero da zangarniyarsa, sun cakuɗa wake da toka ko yashi. Yau akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka. In an ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an sa magani ba. Abin da muka hana shi ne yayyafa wa abinci maganin ƙwari na ruwa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba. Abin da wasu suka ƙi ci, ba za mu miƙa wa maraya ba. Ƙwayar turaren hatsi kuwa sai wanda ya koyi aikin zai sa, kuma ba a kusa da makwanci ba. Mai neman ƙarin bayani, akwai Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedikwata a Ilori da ofishi a Kano.

Na biyar, lissafi. Duk abin da ya shigo a auna a sikeli, a ba mai kawowa rasidi. Duk abin da zai fita, mutum biyu su sa hannu. Sau ɗaya a wata, wanda ba ya riƙe da mabuɗi ya ƙirga. Wannan ba zargi ba ne. Kariya ce ga mutuncin mai kula da sito, don ranar da bakin mutane ya tashi, littafi ya yi magana a madadinsa. Abin da ya fara shigowa shi zai fara fita. A kayan kamfani kamar mai da taliya, wanda wa'adinsa ya fi kusa.

Na ƙarshe, sito mashiga ce, ba masauki ba. Zakka ba a jinkirta ta ba tare da uzuri ba, ta fidda kai kuwa a kai wa masu ita kafin sallar idi. Abin da ya dace a tanada shi ne hatsin waƙafi da sadaka, zuwa Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, kwano kuma ya yi tsada.

Ya ku masu bayarwa, mun san zuciya ta fi karkata ga buhun da za a gani a hannun mabuƙaci. Amma rufin da ba ya yoyo, da katako, da sikeli, da buhunan ajiya, su ne ke sa buhu ɗari da kuka kawo ya isa gida ɗari. Wanda ya yi waƙafin ɗakin ajiya yana da rabo, in Allah ya yarda, a kowane mudu da ya tsira a cikinsa. Kwamitoci kuma muna roƙon kowanne ya zagaya sitonsa kafin damina, ya aiko mana da abin da ya gani.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa albarka a dukiyoyinku, ya ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana.