Tantance Ma'aikaci da Na'ura: Amfaninsa da Sharuɗɗansa



Duk wanda ya bi titunan Nassarawa GRA a nan Kano da sassafe zai ga ma'aikata iri biyu. Ga masu fita cikin motoci zuwa ofisoshin gwamnati da bankuna da masana'antun Bompai, ga kuma masu shiga gidajen a ƙafa ko bisa keke, watau direba da kuku da mai gadi. A zamanin da, hanyar ɗaukarsu aiki kusan ɗaya ce: takarda, in akwai, da kuma dattijon da zai tsaya wa mutum, ya ce ya san shi, ya san ubansa. Yau kuwa hukumomi suna ƙara matsawa a kan lalle kwamfuta ce za ta ba da wannan shaida. Tambayar ita ce, me aka samu da wannan canji, kuma wa ya ɗauki nauyinsa?

Amurka ce ta yi suna a wannan fanni. Tun 1986 dokarta ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya duba takardun ma'aikaci, ya tabbata yana da izinin aiki a ƙasar. Daga baya aka kawo tsarin E-Verify, wanda ke gwada bayanan ma'aikaci da rajistar gwamnati ta intanet. Jihar Arizona ta tilasta shi a 2008, Kotun Ƙoli kuma ta amince da dokar jihar a 2011.

A Nijeriya ma ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin bincike ba baƙon abu ba ne. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a 1973, kuma dokar hukumar ta ce wajibi ne a nemi takardar kammala hidima, ko ta yafewa, daga mai digiri kafin a ɗauke shi. Amma takarda ana iya ƙirƙirarta, fuskar mutum kuma ana iya jin nauyinta. Saboda haka a 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin IPPIS, wanda ke tattara sunayen ma'aikatanta da albashinsu wuri guda. A 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN, wadda ke haɗa asusun mutum da zanen yatsunsa.

Amfanin wannan bai daɗe ba ya bayyana. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cewa, bayan an gwada jerin masu albashi da lambobin BVN, an cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, abin da ya rage wa baitulmali naira biliyan 2.29 kowane wata. Waɗannan kuɗi haƙƙin talakawa ne, kuma kowane gurbi da sunan bogi ya tare, gurbi ne da aka hana wani ɗalibi da ya gama karatu yana zaune a gida.

To amma na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka zuba mata. A ƙasar Hausa mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Mamman a fayil ɗin ofis. Da yawa an haife su ba a rubuta ranar ba, sai malamin makaranta ya ƙiyasta musu shekaru. Magatakarda na da yakan gane cewa mutum guda ne. Kwamfuta kuwa sai ta ce bayanai sun saɓa, albashi ya tsaya. Mai iyali da ya kwana biyu yana zirga-zirga don gyaran harafi ɗaya ya san zafin wannan.

Jami'o'i ma sun ɗanɗana. Ƙungiyar ASUU ta ƙi IPPIS bisa hujjar cewa bai yi tanadi ba domin malaman aro da na kwantiragi da masu hutun bincike. Wannan saɓani yana cikin dalilan yajin aikin 2020, wanda ya rufe azuzuwa daga Maris zuwa Disamba, har da na Jami'ar Bayero. Sai a Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yarda a fitar da manyan makarantu daga tsarin.

Sai kuma mai gadin nan na ƙofar gida, wanda sau da yawa daga Jamhuriyar Nijar ya zo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza har kwana 90. Duk da haka, a Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, mutane fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Idan wata rana aka wajabta wa kowane maigida ya tantance ɗan aikinsa da na'ura, wannan bawan Allah ne zai fara rasa abincinsa, alhali kuwa babu wanda ya taɓa kawo masa rajista kusa.

Ashe ke nan tantancewa da na'ura abu ne mai kyau, amma bisa sharaɗi uku. Na farko, a kai rajista ga jama'a har ƙauyuka kafin a tilasta. Na biyu, kada a tsayar da albashin kowa sai an sanar da shi, an ba shi lokacin gyara a garin da yake, ba sai ya je Abuja ba. Na uku, a hukunta jami'in da ya cusa sunan bogi, domin suna ba ya shiga jeri da ƙafarsa. In ba a kiyaye waɗannan ba, sai garin neman gira a rasa ido.

Ɗaliban da ke zaune a nan su ne gobe za su riƙe waɗannan fayiloli. Allah ya ba su ikon riƙe amana.