Isnadi da Hujja a Wikipedia ta Hausa

Labarin kafuwar Wikipedia a 2001 da yaɗuwarta zuwa harsuna fiye da 300 sananne ne a wurinku, don haka zan wuce kai tsaye ga mas'alar da muka daɗe muna saɓani a kanta da wasu abokan aiki, wato mene ne haƙiƙanin shigar da kowa cikin wannan aiki.

Gidauniyar Wikimedia ta yi nata ƙoƙarin, ba na musu. Amintattunta sun amince da ƙa'idar ladabi ta bai-ɗaya a ƙarshen 2020, domin hana cin mutunci da tsangwama, abin da mata suka fi kowa buƙata. A 2024 kuma, bayan masu jefa ƙuri'a sun karɓi daftarin tsarin mulkin tafiyar Wikimedia, amintattun suka ƙi tabbatar da shi, lamarin da ya nuna wa mai hankali inda iko yake. Amma duk waɗannan dokoki suna tsara ladabin zama ne a majalisa, alhali kuwa ba su taɓa tambayar da ta fi nauyi ba: shaidar wa ake karɓa?

Abokanmu masu shirya gasar rubutu suna auna nasara da yawan maƙalu. To, Wikipedia ta harshen Sebuwano na ƙasar Filifin tana da maƙalu miliyoyi, ba wadda ta fi ta sai ta Ingilishi, amma galibinsu manhajar wani Baswidane mai suna Sverker Johansson ce ta zubo su. A 2020 kuma aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen Sikot ba, ya cika Wikipediyar harshen da maƙalu fiye da 20,000. Wanda ya karanta irin Hausar da injin fassara ke zubarwa a lokacin gasa ya san ba mu da bakin yi wa kowa dariya.

Ga inda cutar take. Ƙa'idar da muka aro daga Wikipedia ta Ingilishi, ba tare da mun yi mata bahasi ba, ta ce kowace magana sai ta dogara da abin da aka riga aka wallafa, littafi ko jarida ko mujalla, kuma ba a karɓar binciken da marubuci ya yi da kansa. Ku dubi abin da wannan ke haifarwa a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano, wanda aka tattara da Larabci daga riwayoyin baka, ya zama hujja a wurin masu bin wannan ƙa'ida ne saboda H. R. Palmer ya fassara shi ya buga a Ingila a 1908; amma masanin fada da ya gaji waɗannan riwayoyi daga kakanninsa, in ya faɗe su yau, maganarsa ba ta da matsayi ko na tsinke. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, da aure, da bauta, da bori, da zuwan Nasara, ta zama madogara ne tun da aka buga littafin a Landan a 1954. Takwarorinta dattijai mata da ke raye yanzu, waɗanda suka san sha'anin kitso da saƙa da ungozoma da waƙoƙin niƙa, ƙa'idar ta rufe musu ƙofa, sai fa in wani baƙo ya zo ya rubuta su tukuna. Ashe ke nan abin da ake gaskatawa shi ne maɗaba'a, ba mai riwaya ba.

Abin mamaki, mu ne muka fi kowa rashin uzuri, domin malamanmu sun gaji ilmin tantance magana ta baka tun ƙarnonin farko na Musulunci. Malaman hadisi ba su karɓi kowane zance ba, ba su kuma yi watsi da shi don bai zo a takarda ba. Sai suka kafa isnadi, suka binciki adalcin mai riwaya da ƙarfin kiyayewarsa, suka duba ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, sannan suka rarrabe ingantacce da kyakkyawa da mai rauni. Ban ce a daidaita labarin gari da hadisi ba, subhanallahi; manhajin bincike nake nufi, wanda ya fi dogaro da shafin jarida tsauri nesa ba kusa ba. Ba kuma sabon tunani ba ne ko a cikin Wikimedia, tunda a 2011 Achal Prabhala ya jarraba kafa hujja da hirar baka a Indiya da Afirka ta Kudu.

Masu jayayya suna cewa wannan zai buɗe ƙofa ga ƙarya da kirarin dangi. Kamar ba a taɓa buga ƙarya ba!

Kowace Wikipedia tana da damar tsara ƙa'idar madogararta, saboda haka shawarata, wadda na daɗe a kanta, ita ce editocin Hausa su zauna da malaman jami'o'i da na zaure su rubuta tasu: a naɗi muryar mai riwaya da izininsa, a ajiye a Wikimedia Commons, a ambaci sunansa da garinsa da wanda ya ji daga gare shi, kada kuma a tabbatar da magana sai ta zo ta hanya biyu masu zaman kansu. Kuɗin kyautar gasa a mayar da su wajen wannan naɗi. Kuma cikin masu gudanarwa lalle a sa mata, a sa mutanen Damagaram da Maraɗi, domin har yau ba mu yanke hukunci a fili ba a kan wanda ya rubuta harafin ƴ irin na Nijar, ko za a bar masa rubutunsa ko za a gyara shi zuwa na Nijeriya.