Ƙwaron Gona Da Sauron Ɗaki: Labari Daga Kura Da Bunkure

(Laccar da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai)



Sa'ad da wakilan ƙungiyarku suka kawo mini goron gayyata, sun roƙe ni in yi magana a kan binciken da ake yi don yaƙi da ƙwarin da ke ɓata amfanin gona, in kuma lokaci ya ragu in ɗan taɓa batun sauro. Na ce musu ai ba sai lokaci ya ragu ba, domin a ƙasar da zan kai ku yau maganar guda ce, mu ne muka raba ta biyu a jami'a, muka ba Tsangayar Aikin Gona rabi, muka ba Tsangayar Likita rabi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rani ya san wurin da nake nufi. Kana cikin ƙura da busassun karare, da ka doshi Kura sai ka ga duniya ta zama kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa, ga ruwa na gudu a magudanai kamar ana tsakiyar damina. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke lura da rabonsa a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Babu mai musun alherin wannan aiki. Ya mai da Kura garin masu casar shinkafa, ya cika kasuwar Kwanar Gafan da kwandunan tumatir, ya tsayar da dubban samari a gida waɗanda da can cin rani ne sana'arsu. Amma fa akwai abin da rani ke yi mana kyauta a da, wanda ba mu lura da shi ba sai da muka kore shi. Watannin fari su ne ke karya lagon ƙwari: ganye ya bushe, kududdufi ya ƙafe, tsutsa ta rasa abinci, sauro ya rasa wurin ƙwai. Yau a waɗannan ƙasashe ganye ba ya yankewa, ruwa ba ya yankewa, saboda haka ƙwaro ma ba ya yankewa.

Bari mu fara da gona. Galibinku kuna tune da 2016, shekarar da tumatir ya gagari talaka har 'yan jarida suka riƙa kiran abin “Ebolar tumatir”. Mai laifin wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, masana na ce masa Tuta absoluta. Asalinsa Amurka ta Kudu, ya shiga ƙasar Sifen a 2006, ya bi gaɓar Bahar Rum, ya ƙetaro Sahara, kafin 2016 ya riga ya sauka a gonakinmu. Mace guda kan yi ƙwai fiye da 200, kuma cikin kamar wata ɗaya jikokinta sun fara hanya. Ɓarnar ta kai Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote kuwa da ke Kadawa, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar, ta tsai da aiki ba da daɗewa ba don rashin abin da za ta niƙa.

Me manomi ya yi? Abin da ya sani. Ya goya famfon feshi. Da bai ga sauyi ba ya ƙara yawan magani, da bai ga sauyi ba ya haɗa biyu, ya haɗa uku. Na taɓa tsayawa a bakin wata gona ina kallon wani saurayi yana dama irin wannan haɗi da ƙara, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, na tambaye shi wa ya faɗa masa awon, ya ce mai shagon ne. Ban ga laifinsa ba, domin bashi ya ci ya yi shuka. Abin da ba a gaya masa ba shi ne tsutsar nan ba a bayan ganye take zaune ba, rami take yi ta shige tsakanin fatar ganyen biyu, ko cikin ɗan tumatir, inda feshin ba ya taɓa ta sosai. Waɗanda feshin ke samu a fili su ne gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin tsutsar. Watau ya kashe masu gadi, ya bar ɓarawo a ɗaki.

To, ina maganin nan yake tafiya bayan an fesa? Nan ne nake so ku ba ni hankalinku. Kaɗan ne ke zama a kan ganye. Saura ya sauka ƙasa, ruwan ban-ruwa ya wanke shi zuwa kwalbati da kududdufi da fadamar shinkafa, ga kuma wanda ake zubarwa in an zo wanke famfo a bakin magudana. A cikin wannan ruwa ne sauron anofilis, mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, yake zuba ƙwai, tsutsarsa ta yi kwana bakwai zuwa goma tana girma. Maganin da ya iso gare ta ya riga ya tsinke, bai isa ya kashe duka ba. Masu rauni su mutu, masu jurewa su tashi, su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Abin takaici kuma, yawancin magungunan da ake fesa wa tumatir da wake da shinkafa, irin su saifametirin, 'yan gida ɗaya ne da wanda ake jiƙa gidan sauro da shi, dangin da ake kira fairitiroid. Ashe ke nan manomi da rana, ba da saninsa ba, yana horar da sauron da zai shiga ɗakin 'ya'yansa da dare. A ƙasar Burkina Faso an nuna wannan alaƙa tun 2002, inda aka ga juriya ta fi tsanani a yankunan da ake noman auduga da feshi mai yawa. Shi kansa gidan sauron yana da nasa rabo a cikin wannan horo, amma gona ta riga shi farawa.

Kada ku ɗauka labarin nesa nake ba ku. A 2014 masana daga Jami'ar Bayero, tare da takwarorinsu na Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila, sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan sauron da suka ɗebo daga Bunkure da kuma Auyo ta Jihar Jigawa, duka biyu ƙasashen noman rani. Yadda ake irin wannan gwaji abin sha'awa ne, kuma ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Za a kamfato tsutsar sauro da ludayi, a rene ta a ɗakin gwaji har ta yi fiffike. A ware mata 'yan kwana uku zuwa biyar waɗanda ba su taɓa shan jini ba, a zuba kamar 25 a cikin wani ɗan bututu da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, su yi awa ɗaya cif, sa'an nan a mai da su bututu mai tsabta, a ba su ruwan sukari, a dawo bayan awa 24 a ƙirga gawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in kashi 98 cikin ɗari ko fiye suka mutu, magani na aiki. In waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 ba, juriya ta tabbata. Sauron Bunkure ya nuna juriya mai tsanani ga DDT da kuma dangin fairitiroid. Da aka duba ƙwayoyin halittarsa, sai aka tarar da wani ɗan sauyi da ake yi wa laƙabi da kdr ya yaɗu a cikinsa. In misalta muku: maganin nan mabuɗi ne da ke shiga wani kwaɗo a jijiyar sauro ya bar ƙofa a buɗe har ƙwaron ya shanye. Sauyin nan ya ɗan karkata bakin kwaɗon, mabuɗi ya daina zama daidai. Da yake DDT da fairitiroid kwaɗo ɗaya suke nema, sauyi guda ya kare sauro daga su biyun.

Wani zai ce wannan sabon abu ne. Ina! Ƙasar Hausa ta daɗe da zama makarantar duniya a wannan fanni, mu ne dai ba mu karanta littafin da aka rubuta a gidanmu. A 1954 aka fara gwajin feshin ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi, kuma kafin ƙarshen 1955 aka tarar sauron wurin ya daina jin maganin diyaldirin, abin da ya girgiza masana a ko'ina. Daga 1969 zuwa 1976 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da shahararren aikin nan na Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. An fesa ɗakuna da magani mai ƙarfi, an raba wa jama'a ƙwayoyi, zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake ficewa ya huta. Littafin da Molineaux da Gramiccia suka rubuta a kan aikin, wanda ya fito a 1980, har gobe ana karanta shi a manyan makarantun lafiya na duniya. Ina so in san mutum nawa a zauren nan suka taɓa buɗe shi. A'a, kada ku ɗaga hannu, kada mu ji kunya gaban baƙi.

Ban zo don in karya muku zuciya ba, domin bincike ya haifar da abubuwan da ke rage dogaro da famfon feshi, kuma wasunsu a nan gida aka yi su. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke da tashar gwaji a Kadawa, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda ke kare kansa daga tsutsar maruka mai huda fure da kwanso, har manomi ya iya wadatuwa da feshi biyu maimakon shida ko takwas. Na san akwai masu ƙyamar irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawara ce da ta cancanci zama na musamman. Abin da nake roƙo kawai shi ne duk mai auna haɗarinsa ya ɗora feshi shidan da aka rage a ɗaya gefen sikeli. Ga buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon guba ba. Ga Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ibadan, mai reshe a Bagauda, da tarkonta na fitila da faranti mai ruwa don kama uwar tsutsar tumatir da dare. A ɓangaren lafiya kuma, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon gidan sauro mai magani iri biyu, wanda na biyun ba ta jijiya yake bi ba. Amma in aka bar wannan sabon magani ya zama ruwan dare a gonaki ba tare da lissafi ba, tarihin Birnin Kebbi yana nan yana jira.

Akwai kuma dabarar da ta fi burge ni don sauƙinta. Sauron anofilis ya fi son fadamar shinkafa a makonnin farko bayan dashe, lokacin da ruwa ke kwance rana na dukansa, kafin ganye ya rufe. Tun da tsutsarsa ba ta rayuwa sai cikin ruwa, in aka janye ruwan na 'yan kwanaki ƙasa ta sha iska sa'an nan a mayar, an yanke mata hanya, an kuma yi tsimin ruwa, shinkafar ba ta yi fushi ba in an bi ƙa'ida. Sai dai manomi ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. In na busar da tawa, maƙwabcina ya bar tasa cike, aikin banza na yi. In kuma fadamar ba ta baje ba, kowane sawun ƙafa zai zama ɗan tafki. Dole sai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da injiniyan da ke buɗe ƙofar magudana sun shiga ciki. Kun ga ke nan maganin zazzaɓi ya koma hannun wanda bai taɓa shiga ajin likita ba.

Kada kuma a ce talakan manomi ba zai gane ba. A 1986 gwamnatin Indunusiya ta haramta magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa, bayan ta gane feshin ne da kansa ke haddasa annobar wani ƙwaro mai tsotse shinkafa. Daga nan aka buɗe makarantun manoma a bakin gona, inda manomi ke koyon bambance ƙwaro maƙiyi da ƙwaro aboki, yana ƙirgawa kafin ya yanke shawarar feshi. Manomin Kura da ya iya gane irin shinkafa daga ganin ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ba wannan ne zai gagare shi ba.

Yanzu na zo kanku. Kowace shekara ɗarurruwanku na neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, da yawa kuma su ƙare da juya abin da wani ya juya. Daga ƙofar Kano zuwa Kura bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Ɗalibin aikin gona ya ɗauki littafi ya zauna da manoma ashirin na kakar rani guda, ya rubuta sunan kowace kwalba da suka saya, da awon da suka zuba, da ranar da suka fesa. Ɗalibar nazarin halittu ta bi magudanan gonakin nan da ludayinta, ta reni tsutsa, ta yi gwajin bututu. Ɗalibin likita ya nemi izini ya duba rajistar zazzaɓi a asibitin yankin wata-wata. Ɗalibin Hausa kuwa, kada ya ce ba ruwansa: gargaɗin da ke jikin kwalaben nan galibi da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, kuma wanda ke dama maganin da ƙara ba zai karanta shi ba. Sharaɗina ɗaya ne, ku huɗun ku zaɓi ƙauye ɗaya da kaka ɗaya, ku kuma karanta kundin juna kafin ku miƙa. Duk rukunin da ya shirya, ya same ni a ofis ranar Laraba bayan azahar, zan ba da aron ludayi da bututu.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Ga ni ga masu tambaya.