Yatsan Hannu da Yatsan Ƙafa a Bakin Turawa

Yau kowa ya ajiye fensirinsa tukuna, ya buɗe tafin hannunsa ya duba.

Mu Hausawa sunan abin nan ɗaya ne, watau yatsa. In muna son bambancewa sai mu ce yatsan hannu ko yatsan ƙafa, shi ke nan. Turawan Ingila ba haka suke yi ba. Na hannu suna ce masa finger, a faɗa kamar "finga". Na ƙafa kuwa toe ne, faɗarsa kusan kamar "to" ɗinmu na amsa magana, don haka ba wanda zai ce mana ya manta.

Kada ku ce wannan wasan yara ne. Da daminar bara wani ɗan ajinmu fartanya ta sare shi a babban yatsan ƙafa. Ɗansa, mai ɗan Turancin firamare, ya rubuta masa takarda zuwa asibiti, ya sa finger. Malamin asibitin baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya kama hannun mutumin nan yana ta juyawa, ga ƙafa can a ƙunshe cikin tsumma tana zubar da jini. Sai da ya kwance ya nuna masa.

Babban yatsan hannu, wanda muke dangwalawa ran zaɓe, sunansa dabam ne: thumb. Harafin b na ƙarshe rubutawa kawai ake yi, ba a faɗarsa. Har yau Turawa suna gardama a tsakaninsu ko shi ma finger ne ko a'a. Mu dai ba ruwanmu.

Akwai kuma kalma guda wadda ta tattara duka ashirin ɗin, na hannu da na ƙafa, watau digit. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan da, inda yatsa yake digitus. Likitoci sun fi amfani da ita. To, da yake da yatsu mutane suka fara ƙidaya, sai sunan ya bi alƙaluman lissafi, daga 0 zuwa 9. Saboda haka in ma'aikacin banki ya ce lambar asusunka digit 10 ce, ko lambar wayarka digit 11 ce, ba yatsunka yake nufi ba.

Yanzu a ɗauki fensir. Kowa ya aza hannunsa na hagu kan takarda ya zagaye shi, sa'an nan ya rubuta thumb a inda ya dace. Za mu zaga mu duba.