Labarin Gadar Makurɗi

Yau za mu yi magana a kan tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ke bisa kogin Binuwai a Makurɗi, mu ga dalilin da ya sa aka gina ta, da yadda aka yi aikin.

Binuwai dai daga duwatsun Adamawa na ƙasar Kamaru ya taso. Ya bi ta Garwa, da Yola, da Numan, da Ibi, ya wuce Makurɗi, ya je Lakwaja ya gamu da Kwara. Da rani ya kan janye har yashi ya fito fili a tsakiyarsa. Amma in kaka ta gabato sai ya cika ya batse, ya yi ƙarfi ƙwarai. A zamanin da, fatake sai su sauke kaya a baki, su jira masu fito da kwalekwale.

To, cikin 1909 aka sami kwal a Udi, kusa da Inugu. Turawa suna bukatarsa, domin da shi jiragen ƙasa su ke tafiya. Sai suka shimfiɗa hanyar jirgi daga Fatakwal zuwa Inugu, aka gama cikin 1916. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka ci gaba da ita, har ta iso Makurɗi cikin 1924. Daga nan ta bi ta Kafancan ta haɗu da hanyar Ikko zuwa Kano a Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos cikin 1927. Nufinsu shi ne kwal ya hau Arewa, kuzar Jos kuwa ta gangara bakin teku.

Kada mu manta da waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka. Da yawa daga cikin leburorin hanyan nan, musamman mutanen Tibi, ba da son ransu suka zo ba. Ta hannun sarakuna aka ɗebo su, suka bar gonakinsu.

Hanya ta kai gaɓar kudu, ta kuma tashi daga gaɓar arewa, amma ga kogi a tsakani. Saboda haka aka kawo babban jirgin fito mai dogo a bisansa. In jirgin ƙasa ya iso sai a rarraba taragunsa, a tura kaɗan kaɗan cikin jirgin fiton, a ƙetare da su, sa'an nan a sake haɗa su. Aikin yana cin lokaci, ga shi kuwa ruwa yau ya hau, gobe ya sauka.

Cikin 1928 aka soma ginin gada. Wani kamfani na birnin Gilasgo a ƙasar Sikotlan, mai suna Sir William Arrol, shi aka ba aikin. Abin da ya fi wuya shi ne kafa ginshiƙai, gama yashi ba ya riƙe gini, sai an haƙa an tarad da ƙasa mai tauri. To, ƙaƙa mutum zai yi haƙa a ƙarƙashin kogi?

Kowa ya san in aka kifa ƙwarya cikin ruwa aka danna ta, cikinta ba ya cika, don iskar da ke ciki ta tare ruwan. Dabarar ke nan. Sai a ƙera babban akwatin ƙarfe wanda ba shi da gindi, a kifa shi a ƙasan kogi, inji yana ta hura masa iska. Ma'aikata su shiga ta bisa, su yi ta haƙa ana fid da yashi, akwatin yana nutsewa sannu sannu. In ya zauna daram sai a cika shi da kankare, a ɗora ginshiƙi a kansa. Aiki ne mai haɗari, domin wanda ya fito daga cikin matsattsiyar iskan nan da gaggawa ciwon gaɓoɓi ya kan kama shi, wani ma har ya rasa ransa.

Da ginshiƙai suka tsaya sai aka ɗora ƙarafan da aka ƙero a Turai, aka ɗinke su da ƙusoshi masu zafi. Ran 24 ga watan Mayu, 1932, Gwamna Sir Donald Cameron ya buɗe gadar. Tsawonta ya yi wajen rabin mil, kuɗin da ta ci kuwa wajen fam miliyan guda ne. Jirgi da mota duk ta kanta su ke bi a lokacin, in jirgi zai wuce sai motoci su dakata.

Turawa don cinikinsu suka gina ta, amma talakawa ma sun ci moriyarta. Shanun Arewa suka riƙa zuwa kasuwannin Gabas cikin tarago, manja yana haurowa, riɗin ƙasar Tibi yana fita. Makurɗi, wadda da ƙaramar mashiga ce, ta bunƙasa har ta zama babban birnin Jihar Binuwai cikin 1976. Daga baya aka gina wata sabuwar gada domin motoci.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, tun ba a sa ƙarfe ko ɗaya a ruwa ba sai da aka auna zurfin kogin, aka lissafta nauyin jirgi, aka zana gadar duka a takarda. Wanda ya ƙera ƙarfe a Gilasgo bai taɓa ganin Binuwai ba, takarda ce ta gaya masa tsawo da kauri. Leburan da ya shiga ƙarƙashin ruwa kuwa ya fi kowa wahala, amma in bai iya karatu ba, ko takardar albashinsa sai ya nemi mai duba masa.

Don haka mu daure da zuwa aji, kada ƙanƙantar abin da mu ke koya kullum ta karya mana zuciya. Gadan nan ma shekara huɗu aka yi ana kafa ta, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.